Sawun Gwiwa a Rufin Gwaggo

Gida ɗaya ne ya kama a layinmu ranar da wutar daji ta gangaro daga tudu, kuma tun kafin tokarsa ta huce mutanen unguwa suka sami wanda za su rataya wa laifin. Ƙanena ne, autan gidanmu, wanda kowa ke kira Kafinta.

Unguwarmu a gindin tudu take, bayanta daji ne mai ciyawa har ƙugu. Duk shekara in zafi ya kankama, ciyawar ta bushe ƙayau, sai wuta ta tashi. Harshen wutar ba ya iso mu, don an share fili tsakaninmu da dajin. Abin da ke cin gidaje tartsatsi ne, wanda iska ke kwasowa ta cusa a duk kafar da ta samu. Tsare wannan shi ne aikin ƙanena. Yakan shimfiɗa audugar gilashi a saman silin don kada zafin kwano ya sauko ɗaki, ya bi duk tsagar bango da gefen taga ya toshe da danƙo, ya sa roba a ƙasan ƙofa saboda hayaƙi. A ƙarshen rufi kuma, inda ake barin tagar iska don zafi ya riƙa fita, sai ya buga ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, iska ta wuce, tartsatsi ya tsaya a waje. Kusan duk gidajen layin shi ya yi musu, kuma sai da ya yi ɗin mutane suka san daɗin barcin rana.

Gidan da ya kama na Gwaggo ne, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, don ɗanta direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Wutar ta ci katakon rufi ta ɓangaren ɗakinta, silin ya rufto a kan gadonta da keken ɗinkinta. Maƙwabcinta, Mai Ƙanƙara, shi ya kutsa cikin hayaƙi ya goyo ta ya fito, ya kuma kai ta gidansa ya ba ta ɗaki. 'Yan kwana-kwana suka ɗaga kwano ɗaya daga waje suka zuba ruwa, sauran rufin ya tsira.

Washegari da safe aka taru kallon ɓarna, sai wani ya leƙa lungun da ke tsakanin gidan Gwaggo da na Mai Ƙanƙara, ya ga tagar iskar a wangame, babu raga. Aka waiwayi Mai Ƙanƙara, tunda katangarsa ce a ƙarƙashin tagar. Ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin magana, ya ce shi dai ba ya son jawo wa kowa tsiya, amma bai taɓa ganin raga a wurin ba. Shi ke nan fa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi Kafinta ko kalma ɗaya. Layin gaba ɗaya ya ɗunguma zuwa shagonsa, aka jawo shi waje, Mahauci, mai sayar da nama a layinmu, ya ɗauki guntun katako daga kan teburin aikin Kafinta ya maka masa a hannun dama. Mutanen da ke kwana cikin sanyin aikinsa su suka yi masa haka, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya. Suka kulle shi a ɗakin masu gadi. Shugaban unguwa ya ce gobe da yamma za a zauna, in ta tabbata ha'inci ya yi, a miƙa shi ga 'yan sanda, a garƙame shagonsa har abada.

Ni da maigidana muna kasuwa lokacin da aka yi wannan ɗanyen aiki, sai labari muka tarar.

* * *

Maigidana tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun masu saran itace da masu cinna wa daji wuta, shi ya sa har yau Mai Sawu ake ce masa. Mutum ne da ko gida na ci da wuta sai ya tsaya ya ɗaura igiyar takalmi. Na dawo daga ɗakin masu gadi ina huci, na same shi a tsakar gida yana goge gilashin tocila. Na gaya masa hannun autanmu ya kumbura suntum, sun hana a kai shi asibiti wai kada ya gudu, kuma in bai tashi ba ni zan je in fasa ƙofar da taɓarya.

"Zan duba," ya ce. "Amma ki sani, in na ga shi ne, a gaban kowa zan faɗa."

Na ce ya faɗa mana, in ya gama faɗa sai ya nemi wadda za ta riƙa dafa masa. Ya cusa tocilar a aljihu. Ya miƙo mini tsani ya ce in biyo shi, don gwiwarsa ta daina yarda da hawa ba mai riƙewa. Haka na zama 'yar ɗaukar tsani.

Abin da muka gani a hanya ya ƙara ƙona mini rai. Kowane magidanci ya zama gwanin rufi. Sun hau sama suna jijjiga ragar gidajensu wai suna gwada ƙarfinta, wanda tasa ta ƙi motsi sai ya sa ƙarfe ya ɓanɓare ta, ya ɗaga wa jama'a yana cewa ga shi nan, dama ba ta da ƙwari. Wasu sun sa wuƙa suna ƙwaƙule danƙon tagoginsu don su ga ko na gaske ne. Mahauci shi ya fi kowa zaƙewa, ragarsa har biyu ya yaga ya jefo kan titi.

A lungun Gwaggo na kafa tsani, Mai Sawu ya hau a hankali. Ya daɗe yana shafa gefen tagar da yatsa, sannan ya sauko da wani abu a tafin hannu. Guntayen raga ne, ya zare su daga ƙarƙashin kan ƙusa. Ya ce ƙusoshin suna nan zagaye da tagar, kowacce ta danne ɗan guntun raga, wato an buga ragar, daga baya wani ya yanke ta da almakashin kwano. Bakin yankan har ya yi tsatsa, ba aikin jiya ko shekaranjiya ba ne. Na ce to me muke jira, ya shiga ciki mu ga sauran. Ya ce rana tana tsaka, sawu kuwa ba ya fitowa sai haske ya zo a karkace, mu bari sai hantsin gobe ya shigo ta tagar.

Muka kai wa shugaban unguwa guntayen. Ya juya su a hannu ya taɓe baki, ya ce ai mai bugawa shi ya fi kowa iya cirewa, wa ya sani ko ya dawo ya yanke ya kai wani gida. Ya ƙara da cewa kowa ya san Mai Sawu surukin Kafinta ne, in ba wata hujja mai kama hannu ba, maganarsa ba za ta shiga kunnen jama'a ba. Na buɗe baki zan wanke shi tas, maigidana ya taka mini ƙafa.

* * *

Matan layi suka fara raɗa cewa Mai Tantabara, dattijon da ke kiwon tsuntsaye a ƙarshen layi, ya sa sabuwar raga a kejinsa kwanan nan. Na ji zuciyata ta yi sanyi, na ce asiri ya tonu. Muna isa Mai Sawu ya zura ɗan yatsa a idon ragar kejin, yatsan ya shige har gaɓa. Ragar Kafinta kuwa ko tsinken ashana ba ya shiga idonta. Dattijon ya gane abin da ya kawo mu, ya fusata, ya ce shekarunsa sun wuce hawan rufin tsohuwa, kuma in sata zai yi ba zai ƙare a guntun waya ba. Sai da maigidana ya yaba masa wata farar tantabara sannan ya sauko. A nan ne ya ce shi ya daɗe da sanin tagar Gwaggo a buɗe take, don ya sha ganin ƙananan tsuntsaye suna shiga da ciyawa a baki.

"Tun yaushe, Baba?" in ji Mai Sawu.

"Tun farkon zafin nan. Lokacin da aka fara ɗauke mana wuta."

Gaskiyarsa ne, in iska ta tashi a lokacin zafi akan yanke wutar lantarki a duk yankin, don kada wayoyi su haɗu su tayar da gobara a daji. Wani lokaci a yini a kwana babu ita. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa da safe lokacin da ake dukan ƙanena. Ya ce ba wanda ya tambaye shi.

Daga nan muka nufi Direba, ɗan Gwaggo, wanda ya iso da azahar da ya ji labari. An sha jin sa yana cewa an liƙe masa uwa kamar a kwalba, wata rana sai ya ɓalle duk tarkacen nan. Muka same shi zaune a dandamalin ƙofar gidan, ido jawur. Ina ganin faɗin kafaɗarsa na san ba shi ba ne, don mutumin nan ko ƙofar ɗaki sai ya karkace yake shiga, balle tagar iska. Ya ce in aka bar shi da Kafinta sai ya karya masa ɗaya hannun. Ya ce tun kafin gobara ma yana da magana da shi, don ya saya wa uwarsa sola mai kyau da batir, amma yanzu tun kafin la'asar fankarta ke tsayawa, tsohuwa ta yini tana fifita da murfin kwano. Ba shakka Kafinta ne ya lalata waya a cikin rufin.

Mai Sawu ya tambaye shi yaushe aka yi aikin rufin. Ya ce bara, kafin damina. Ya tambaye shi yaushe fankar ta fara tsayawa. Direba ya yi ɗan tunani, ya ce farkon zafin bana. Maigidana ya gyaɗa kai, ya yi masa jaje, muka wuce.

* * *

Mai Ƙanƙara ya tarbe mu da fara'a da ladabi. Siririn mutum ne mai sanyin murya, wanda ba a taɓa jin sa da kowa ba, kuma tun ranar gobara duk wanda ya wuce ƙofarsa sai ya tsaya ya sa masa albarka. Yana sanye da riga mai dogon hannu a wannan zafin, ya ce wuta ce ta ɗan lashe shi lokacin da ya shiga ɗauko Gwaggo, ba ya son ƙuda su dame shi. Ni kaina na ji tausayinsa.

Mai Sawu ya roƙi ruwan sanyi. Mai Ƙanƙara ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ƙanƙarar duk ta narke, sai dai ruwan randa. Na leƙa na ga ruwa yana malalowa daga ƙasan ƙofar ɗakin firiza har tsakar gida. Abin ya ɗan ba ni mamaki, don duk kwanakin da ake ɗauke wuta shi kaɗai ke da ƙanƙara a unguwar, in an tambaye shi sai ya yi dariya ya ce garin katako da buhu ne sirrinsa. Amma raina yana wurin ƙanena, ban bi ta kai ba.

Gwaggo tana zaune a tabarma, tana goga tafin hannuwanta a zane. Tana ganina ta kau da kai. Ta ce ta ɗauki Kafinta kamar ɗan cikinta, ranar da ya yi mata aiki ita ta riƙa miƙa masa ruwa, ashe kabari yake gina mata. Ta ce keken nan da ya ƙone shi ne abin da mijinta ya bar mata. Ta ɗaga hannu sama ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, Allah kuma ya saka wa wannan bawan nasa da ya ɗauke ta kamar uwa. Na danne fushina, don tsohuwa ce kuma a cikin rashi take. Muna fita na fashe da kuka a lungu, maigidana ya tsaya yana kallon kan katanga kamar ba da shi ake ba.

* * *

Da hantsi muka koma. Rana ta miƙo haske ta tagar iskar a kwance, Mai Sawu ya cusa kai da kafaɗa, ya daɗe bai motsa ba, sannan ya ja jiki ya shige. Da na gaji da jira na hau tsanin na leƙa.

Audugar da na sani ruwan ɗorawa duk ta koma baƙa ƙirin, hayaƙi ya rufe ta kamar an shimfiɗa bargo. A kan baƙin nan kuwa ga wasu tabo masu haske a jere, daga bakin taga har tsakiyar rufi. Ko ni da ban san sawun akuya daga na tunkiya ba na gan su. Ya ce gwiwoyi ne, duk inda gwiwa ta danna sai baƙin ya ɓare, launin audugar ya fito. Wajen shiga tafin hannu biyu ne, wajen fitowa ɗaya, a gefensa kuma ga siririn layi ya ja a kan baƙin, alamar mutum yana janye da wani abu mai tsawo. Ya haska mini inda sawun ya tsaya. Wayar solar Gwaggo ce ta ratsa wurin, an fere mata baya, an kuma naɗe wurin da sabon tef mai sheƙi wanda hayaƙi bai taɓa ba. A ƙarƙashinta an ture audugar gefe tun da daɗewa, katakon silin ya fito tsirara, ga ragowar ciyawa da ganyen da tsuntsaye da iska suka tara. Nan tartsatsi ya sauka ya sami abin ci.

"Wannan sawun a kan hayaƙi yake," ya ce. "Bayan gobara aka shigo. Ƙanenki kuwa tun safiyar jiya yake kulle."

Na ce masa ko 'yan kwana-kwana ne. Ya ce su daga waje suka tsaya, kuma ba sa aiki da gwiwa. Da ya sauko sai ya hau susar wuyan hannunsa, inda rigarsa ta zame. Wurin ya yi ja, ƙananan ƙuraje sun fara fesowa. Ya miƙo mini hannun ya ce in duba da kyau. Na ce na gani, in mun je gida ya wanke. Ya kalle ni irin kallon da yake yi mini in na zuba gishiri sau biyu a miya, ya naɗe tsaninsa ya ce mu jira yamma.

* * *

Da yamma aka taru a rumfar ƙofar shugaban unguwa. Aka fito da Kafinta, hannunsa rataye a ɗankwalin da na kai masa, yatsun sun yi baƙi. Bai kalli kowa ba. Gwaggo tana kan kujera, Direba a bayanta, Mai Ƙanƙara a tsugune gefenta yana yi mata fifita.

Mai Sawu ya zuba guntayen raga a kan tebur, ya faɗi abin da ya gani a rufin, ya ce duk mai shakka ga tsani nan ya hau ya gani da idonsa. Mutum biyu suka je suka dawo, suka ce haka ne. Ya ce wani ne ya yanke ragar tun farkon zafi, ya shiga ya ɗaura waya a jikin solar Gwaggo yana jan wuta, shi ya sa fankarta ke mutuwa tun kafin la'asar. Da gobara ta auku sai ya koma ya kwance wayarsa kada a gani. Ranar gobara rufin ba ya taɓuwa don zafi, daga jiya da rana kuma Direba yana zaune a ƙofar gidan bai gusa ba, har kwana ya yi a wurin. Lokaci ɗaya ne kawai layin ya zama ba kowa, wato jiya da safe, sa'ad da aka tafi shagon Kafinta.

"Saboda haka," ya ce, "duk wanda yake shagon lokacin da ake dukansa, ya ɗaga hannu. Wanda ya ɗaga, ba shi ya hau rufin ba."

Aka shiga kallon juna. Tun jiya duk wanda na tara sai ya rantse mini shi wucewa kawai ya yi, bai ma ga wanda ya yi dukan ba. Yanzu ga shi hanyar wanke kai ɗaya ce. Mahauci ya fara ɗagawa, sai na kusa da shi, sai hannuwa suka yi ta tashi, har da na shugaban unguwa, wanda ya ɗaga nasa rabi-rabi kamar mai korar sauro. Na bi su da ido ina jin kamar in tofa musu yawu. Kafinta ya ɗago kai a karo na farko, ya kalli hannuwan, ya sake sunkuyawa.

Waɗanda ba su ɗaga ba kaɗan ne. Direba yana hanya a lokacin, Mai Tantabara ko tsani ba ya iya hawa, sai Mai Ƙanƙara, wanda kowa ya san ya tsaya jinyar Gwaggo. Nan take aka fara gunaguni, wai surukin maha'inci zai shafa wa mutumin kirki kashin kaji. Mai Sawu ya naɗe hannun rigarsa ya nuna ƙurajen, ya ce audugar gilashi ba ta barin wanda ya yi rarrafe a kanta ya tafi haka nan, kuma ƙaiƙayinta ba ya wucewa da wuri. Ya roƙi Mai Ƙanƙara ya naɗe tasa.

Mai Ƙanƙara ya yi murmushin yaƙe, ya ce ai kowa ya san ƙuna ce, kuma bai yi zaton wannan ne tukuicin wanda ya shiga wuta don maƙwabci ba. Mutane suka goyi bayansa, Direba har ya fara matsowa wajen maigidana. Sai Gwaggo ta yi magana, a hankali, tana kallon tafin hannunta.

"Ba ƙuna ba ce. Ni na shafa masa mai jiya da rana, na ga babu ƙuna ko ɗaya. Tun daga lokacin hannuna ke ƙaiƙayi." Ta juya ta dube shi. "Na san ƙaiƙayin nan, ɗan nan. Ranar da aka yi mini aiki na taɓa audugar, Kafinta ya yi mini faɗa. Jiya da safe da aka tafi shagon, ka ce mini ruwa za ka ɗebo."

Mafifici ya faɗi daga hannunsa. Direba ne ya finciki hannun rigar har ta yage, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk ƙuraje ne da sawun farce. Aka aika ɗakin firiza, aka tono wayar a ƙarƙashin garin katako, rabinta baƙi da hayaƙi. Ragar kuma aka same ta a bayan firizar, ya rufe injin da ita saboda ɓeraye.

Ya zauna a ƙasa yana kuka. Ya ce in aka ɗauke wuta ƙanƙara ta narke yaransa ba su da abin ci, ya ga tsohuwa ita kaɗai ce da fanka ɗaya, ya ce ɗan abin da zai ja ba za ta ji ba. Ya ce kullum yana niyyar mayar da ragar. Ya ce a tuna fa shi ya fito da ita daga wuta. Gwaggo ta ce ta tuna, ta kuma tuna tun kafin ita ta ji warin hayaƙi ya faɗo mata ɗaki, ashe ya san inda wutar za ta shiga. Mahauci da mutanensa suka fara naɗe hannun riga za su yi kansa, su dai a ba su wanda za su daka. Mai Sawu ya sha gabansu ya ce hannu ɗaya da suka karya ya ishi unguwar, 'yan sanda suna hanya.

Da za a tafi da Mai Ƙanƙara, sai Kafinta ya matsa kusa da shi.

"Daga cikin rufin," ya ce, "kana jin ihuna?"

Mai Ƙanƙara ya gyaɗa kai.

* * *

Likita ya ɗaure hannun, ya ce an makara wajen kawo shi, yatsu biyu da wuya su sake riƙe guduma. Na kawo shi gidana. Gwaggo ta sa Direba ya rako ta, ta durƙusa a tsakar gidana da tsufanta tana neman gafara, Kafinta ya ɗago ta da hannun hagu yana cewa ya wuce. Sauran mutanen layi kuwa ko ƙeyarsu ban gani ba, in mun haɗu a titi sai su hau duba agogo.

Ba a jima ba iska ta sake juyowa daga tudu. Da la'asar aka ɗauke wuta, sama ta yi ja, warin ƙonanniyar ciyawa ya cika layi. Sai ga sallama a ƙofata. Shugaban unguwa ne a gaba, maza a bayansa, kowa riƙe da ragar da ya ɓanɓare da hannunsa. Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, a yi haƙuri, sun gwada mayarwa da kansu ta ƙi zama, ga gidaje a buɗe ga yara a ciki, ko Kafinta zai taimaka.

"Da wane hannun?" na ce. Na kama ƙofa zan rufe.

"Yaya," in ji Kafinta daga bayana, "ɗauko guduma. Ni zan riƙe ƙusa, ke ki buga."

Na ce ba zan je ba, ko sama da ƙasa za su haɗu. Ya ce tartsatsi bai san gidan wanda ya yi duka da wanda bai yi ba, in ɗaya ya kama layin ne gaba ɗaya, kuma gidan da ya fi kusa da daji shi za a fara. Na san gidan, na Mahauci ne. Na waiwayi maigidana ko zai goyi bayana, na tarar har ya saɓa tsani, ya ma ɗaura igiyar takalmi.

Ban yafe ba a ranar, kuma ban ce na yafe yau ba. Amma na hau. Kafinta yana kan katanga yana danna ragar da kafaɗa, ƙusa a hannun hagu, ni kuma ina buga ta da ƙarfin da ya fi wanda take buƙata. Mahauci yana ƙasa, bai yarda ya ɗago kai ba, yana riƙe mini tsani da hannun da ya ɗauki katakon.